Namiji da siririyar murya: baiwa ce ko abin kunya?

Baban Walid:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata damuwa ce ta hana ni sakat kwana uku, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu mai haska min. Ɗana na fari shekarunsa 17. Tun yana ƙarami shi ake ba wa ƙasida a islamiyyarsu idan za a yi taro. Da ya kai 14 muryarsa ta buɗe kamar ta kowane yaro, yanzu in ya yi sallama daga zaure ƙannensa kan ɗauka ni ne na dawo. Amma da zarar ya ɗauki baiti sai muryar ta haura sama, siririya, tar da ita.

Ranar Asabar aka yi walimar saukar 'yan ajinsu a nan Gwammaja, aka miƙa masa makirfo. Ya rufe ido, ya ɗora hannu a kunne, ya ja baitin farko na yabon Manzon Allah (SAW). Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Dattijon da ke gefena na ga yana share ido da hannun babbar rigarsa. Can sai wani saurayi daga baya ya ce da ƙarfi, "Wai wace yarinya ce wannan?" Aka kwashe da dariya. Yaron ya ji. Ya ƙarasa baiti biyu, ya ajiye makirfo, ya fice ta ƙofar baya. Tun ranar ko ƙira'a ba ya yi a bayyane, abinci ma sai an yi da gaske. Jiya ya ce wa mahaifiyarsa ya daina har abada.

Tambayata: in ƙarfafa masa gwiwa ya ci gaba, ko kuwa masu dariyar suna da gaskiya, in bar shi ya daina?

Ɗan Kurna:
Wa'alaikumus salam. Yaya, gaskiya ɗaya ce daga ƙin ta sai ɓata. Hadisin Ibn Abbas yana cikin Bukhari, an tsine wa maza masu kamanceceniya da mata. Ka saurari waƙoƙin da ke tashi a shagunan caji yanzu, ƙato da gemunsa ya maƙe murya yana rangwaɗa, sai ka rantse budurwa ce. Ni a ganina ka gode wa Allah da ya daina da kansa.

Maman Ilham:
Haba Ɗan Kurna, yaro yana yabon Annabi ka jawo masa hadisin tsinuwa? A ji tsoron Allah.

Malam Abu Sumayya:
Hadisin da ƙanena ya kawo ingantacce ne, babu ja. Amma ba a ɗaukar hadisi a bar sharhinsa. Imamu Nawawi ya raba abin gida biyu: akwai wanda haka Allah ya halicce shi, bai ƙirƙira ba, wannan babu zargi a kansa, akwai kuma wanda da gangan yake kwaikwayon tafiyar mata da maganarsu da shigarsu, shi ne hadisin ya hau kansa. To yaron da ke magana da muryar maza, yake tafiyar maza, sai dai in ya rera muryarsa ta yi sama, ta ina ya shiga wannan babin?

Ku tuna ƙissar Abu Mahzura. Saurayi ne a shekara ta 8 bayan hijira, a hanyar dawowa daga Hunaini shi da abokansa suka riƙa kwaikwayon kiran salla suna izgili. Manzon Allah (SAW) ya ji, ya sa aka kawo su, ya tambayi wane ne mai muryar nan da ta ɗaga. Bai hukunta shi ba. Ya koya masa kiran salla da kansa, ya naɗa shi ladanin Makka. Haka da Abdullahi bn Zaid ya ga lafazin kiran salla a mafarki, cewa aka yi ya je ya koya wa Bilalu, domin muryar Bilalu ta fi tasa kai wa nesa. Murya amana ce da ake nema wa gurbi.

Ɗan Kurna:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara kan sharhin. Amma ƙarfin murya daban, sirantarta daban. Babu inda aka ce muryar Bilalu siririya ce.

Malam Abu Sumayya:
Ka yi gaskiya, ni ma ban ce haka ba. Abin da nake nufi, shari'a ba ta auna mazantaka da kaurin murya.

Nas Habibu:
Bari in shigo ta ɓangarenmu, na yi shekaru a sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A cikin maƙogwaro, daidai bayan zakaran wuya, akwai wasu tantani guda biyu da iska ke kaɗawa idan ta fito daga huhu, kaɗawar nan ita ce murya. Na babban namiji tsawonsu kan kai milimita 17 zuwa 25, na mace kuwa 12 da rabi zuwa 17 da rabi. Shi ya sa in namiji yana magana tantanin kan kaɗa kamar sau 120 a daƙiƙa ɗaya, na mace kuma kamar sau 200 ko sama da haka. Lokacin balaga sinadarin maza ne ke sa maƙogwaro ya girma, tantanin ya ƙara tsawo da kauri, sai murya ta faɗo ƙasa. Abin da muke cewa muryar yaro ta buɗe ke nan.

Amma tantanin nan ba sanda ba ne, yana miƙewa. Ku ɗauki tsirkiyar garaya: in ka ɗaure ta tam, sautin ya yi sama, in ka sassauta ya yi ƙasa. Akwai tsokar da aikinta ke nan, ta ja tantanin ya yi tsawo ya yi siriri, har ya zama gefensa kawai ke kaɗawa. Kusan duk lafiyayyen namiji zai iya hawa can, sai dai na wasu ya fito a shaƙe, na wasu ya fito garau. Tunda Baban Walid ya ce muryar maganar yaron ta sauka daidai, to balagarsa lafiya lau, abin da yake yi gwaninta ce ta sarrafa tsoka, ba wata tawaya ba.

Baban Walid:
Allah ya saka da alheri Nas. Wallahi wannan na cikin abin da mahaifiyarsa ke tsoro ta kasa faɗa.

Hajiya Yakasai:
'Ya'yana, ni abin ma mamaki yake ba ni. Yaushe siririyar murya ta zama baƙuwa a birnin Kano? Mun tashi a cikin gari lokacin ba kowane masallacin unguwa ke da lasifika ba. Ladaninmu wani ɗan tsamurmurin tsoho ne, in ya hau dakalin masallaci da asuba ya toshe kunnuwansa, muryarsa siririya kamar zare, amma sai ta ratsa lunguna ta shigo har uwar ɗaka. Da muryar gardi yake da ita, da a ƙofar masallacin za ta tsaya. 'Ya'yansa goma sha, babu wanda ya taɓa kallonsa da wani abu.

Mai tallan kalanzir da ke bin lungu da yamma, da wace murya yake ja? Makafin da ke bara a bakin kasuwar Kurmi, jagoran ya ɗaga sama 'yan amshi su karɓa a ƙasa, ba ku taɓa tsayawa kun saurara ba? Watan Mauludi kuwa in aka zauna karatun Ishiriniya, wanda muryarsa ta fi tashi shi ake turawa gaba, mu mata muna daga cikin gida muna jin sa, tuwo na kan wuta mun manta da shi. Ranar Maukibin Ƙadiriyya in 'yan mandiri suka taso daga Kabara za su Mai Giginya, kiɗan nan kamar ƙasa za ta tsage, in ba mai murya a sama ba wa zai ji baitin? Duk maza ne, magidanta. Ku dai yanzu kun saba komai sai an sa muku a lasifika, kun manta dalilin da ya sa ake neman irin wannan murya.

Ka gaishe min da jikan nawa, ka ce kakarsa ta Yakasai ta ce kada ya kuskura ya binne abin da Allah ya ba shi.

Injiniya Zoo Road:
Hajiya ta gama magana, sai dai in ƙara da abin da nake gani kullum a sitidiyo. Kunnen ɗan Adam ya fi saurin kama sauti mai kaɗawa tsakanin sau 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, kuma murya in ta yi sama ta fi zuba ƙarfinta kusa da wannan wuri. Ganga da tambari suna cika ƙasa, duk muryar da ta zauna a ƙasa tare da su sai ta nutse. Ko kai Ɗan Kurna, in za ka kira wani daga tsallaken titi a Kwari, ba ka sani ba muryarka za ta haura. To ƙarfi da siranta ba ɗaya ba ne, amma 'yan gida ɗaya ne.

Sai dai fa ƙorafinka ma yana da tushe, kuma mu muka san inda aka haihu a ragaya. Yawancin waƙoƙin fim namiji da mace ne ke karɓa-karɓa, salon da muka ɗauko daga finafinan Indiya, inda muryar mace ke can ƙololuwa irin ta su Lata Mangeshkar. Mai kiɗa zai zauna gaban fiyano ya ɗora kiɗan daidai da muryar zabiya, saboda ita ce ke jan kasuwa. Namijin ya shigo, ko dai ya sauka ƙasa sosai ya dushe, ko ya bi ta sama. Sai ya bi ta. Ga kuma inda ake sauraron waƙar: lasifikar waya, 'yar mitsitsiya, ba ta iya fitar da kaurin sauti. Mai babbar murya in an sa shi a waya rabinsa ya tafi. Sannan ga Auto-Tune, manhajar da ta fito tun 1997 don gyara ɗan kuskuren mawaƙi, mu muka mayar da ita miya, ake murɗa ta har ƙarshe, kowa ya fito da amo iri ɗaya kamar ta hanci.

Watan jiya wani yaro ya zo min, muryarsa mai kauri, kyakkyawa. Ya shiga ɗakin ɗauka ya sa abin kunne, na saki kiɗa, sai na ga jijiyoyin wuyansa sun firfito, haɓarsa ta ɗaga sama, kafaɗunsa sun haɗe da kunne, yana ta kokawa da wurin da ba nasa ba. Kafin baiti na uku ya fara tari. Na sauke masa kiɗan mataki huɗu na ce sake. Da ya ji kansa sai ya yi shiru, ya ce shi bai san haka muryarsa take ba. Amma ya roƙe ni in mayar da na farkon, wai abokansa za su ce muryar tsofaffi ce.

Wannan shi ne maƙe murya. Na Walid, in yadda babansa ya kwatanta ne, ba shi ba ne. Mai maƙewa wuyansa ke aiki, mai baiwa kuwa za ka ga wuyan a sake, daga ciki numfashin ke tahowa.

Ɗan Kurna:
Yauwa, ashe dai ba ni kaɗai nake jin abin ba. Shata ya yi shekaru nawa yana waƙa har ya rasu a 1999, wa ya taɓa jin ya maƙe murya? Da muryarsa ta Allah ya ci ƙasar Hausa.

Na Mandawari:
Shata Shata ne. Amma makaɗan Hausa ba murya ɗaya gare su ba. Ɗan Maraya Jos da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ai ba da rugugi ya yi suna ba. Kuma ka saurari 'yan amshin makaɗan fada da kyau, a cikinsu ba ka rasa mai hawa sama da sauran, shi ke sa amshin ya yi armashi.

Sadiya BUK:
Don ƙarin ilimi, abin ba a nan kaɗai yake ba. A Italiya, daga ƙarni na 16, da yake an hana mata rera waƙa a coci, sai aka riƙa yi wa yara maza masu zaƙin murya dandaƙa kafin su balaga don kada muryar ta buɗe. Yaron zai girma da ƙirjin babban namiji da maƙogwaron yaro. Mafi shahararsu Farinelli, a 1737 ya koma fadar Sifaniya yana rera wa Sarki Filib na Biyar waƙa. Iyaye matalauta da yawa sun miƙa 'ya'yansu da fatan arziki, kaɗan ne suka samu. Sai a 1903 Fafaroma Pius na Goma ya rufe ƙofar a cocinsu. Na ƙarshensu da aka sani, Alessandro Moreschi, an ɗauki muryarsa a faifai a 1902 da 1904, ya mutu a 1922. A Sin kuma a da maza ne ke fitowa a matsayin mata a wasan waƙe na Bejin, irin su Mei Lanfang. Nan kusa da mu, Baaba Maal na Senegal, Bafulatani, da Salif Keita na Mali, duk da muryar sama duniya ta san su.

Ɗan Kurna:
Inna lillahi! Kin ga inda son siririyar murya ya kai mutane ko? Ai hujjata kika ƙarfafa.

Sadiya BUK:
A'a Malam. Su sun lalata halitta don su samu murya. Wannan yaron halittarsa ce ake so ya danne don a daina yi masa dariya. In akwai kama, tsakanin masu dandaƙar da masu dariyar take.

Ɗan Kurna:
Wannan magana ta yi nauyi, 'yar'uwa. Ni ban goyi bayan dariyar ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a a sassauta. Mai tambaya shawara ya nema.

Abban Nana:
Ban cika magana a nan ba, amma yau dole. Ni muryar maganata ce ma ba ta sauka ba har na kai shekara 24. In na kira mutum a waya sai ya ce "Hajiya, wa ake nema?" A aji ba na ɗaga hannu ko na san amsa. A masallacin unguwarmu an taɓa tura ni limanci da magariba, ina fara Fatiha na ji yara a sahun baya suna ƙunshe dariya, daga ranar na koma zuwa a makare don kada a sake tura ni. Sai da wani abokin aiki ya matsa min na je asibiti, aka duba aka ce maƙogwarona lafiyarsa ƙalau, sabo ne kawai ya riƙe muryar a sama. Aka haɗa ni da mai horar da magana, ya sa ni in yi tari in ja sautin, in danna zakaran wuya a hankali ina cewa "aaa". A zama na biyu wata murya ta fito daga ƙirjina da ban taɓa ji ba. Na fita na zauna a cikin adaidaita sahu ina hawaye har gida.

Matsalata daban da ta Walid. Abin da ya haɗa mu shi ne dariyar. Baban Walid, shekara goma na yi ina ɓuya saboda irin wannan kalma guda ɗaya. Kada ka bari ya kwana da ita shi kaɗai, ko da a ƙarshe ya zaɓi barin ƙasidar.

Maman Ilham:
Allah sarki. Allah ya saka maka Abban Nana da ka faɗi wannan.

Alaramma Gwani:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Baban Walid, mu a fagen karatu wannan abin suna gare shi, kuma koyar da shi ake yi. Makaranci yakan fara da ƙarar, wato ƙasa, inda murya ke zaune. In ya ɗumama sai ya hau jawabi, wato sama. Wanda Allah ya ba wa, sai ya ƙara hawa jawabul jawabi, can ne ake jin masallaci ya ɗauki kabbara. Ka nemo karatun Shehu Abdulbasiɗ Abdussamad na Masar, wanda ya rasu a 1988, ka sa wa yaron ya ji inda yake kai wa da numfashi ɗaya. Duniyar Musulmi kaf ta saurare shi, ban taɓa jin wanda ya ce ya yi kama da mace ba. Kuma ba hawa ake yi don burgewa ba. Ayar da ke kira ko gargaɗi ita ake ɗagawa, ayar da ke lallashi a sauko da ita. Mai bege ma haka, in shauƙi ya cika ƙirji ba ya fita ta ƙasa, sama yake nema, kamar yadda mai kuka muryarsa ke sirancewa ko shi wane ne.

Inda nake tare da Ɗan Kurna shi ne karairaya. Na sha korar ɗalibi daga gabana ya je ya gyara, ba don muryarsa ta yi sama ba, sai don yana lanƙwasa harafi yana shagwaɓa shi, yana jan madda inda babu ita don ya yi daɗi. Wannan ko da muryar ƙasa aka yi shi aibi ne. Yaron da bai samu malami ba, waƙoƙin waya za su zama malaminsa, a nan ne tsoron yake.

Kuskuren da masu irin muryarsa ke yi guda ne: suna farawa daga sama. Sai mai sauraro bai ji namijin ba tukuna ya ji siririn. In ya fara da ƙarar ya zauna a kai baiti biyu uku, jama'a suka san muryar waye, to duk inda ya hau bayan nan binsa za su yi. Ina kyautata zaton da haka ya yi ranar Asabar, da mai maganar bai samu ƙofa ba.

Nas Habibu:
Allah ya ƙara wa Alaramma lafiya, ko a likitance haka ne, tsoka ba a fara ta da nauyi. Ya riƙa shan ruwa sosai musamman da hunturu, ya guji ƙurar hanya da yawan gyaran murya da ƙarfi. In ta dushe ta wuce mako uku ba ta dawo ba, a kai shi a duba, kada a tsaya kan citta da zuma kawai.

Ɗan Kurna:
To in dai a hannun irin su Alaramma zai tashi, ni ba ni da ta cewa. Amma ina nan kan bakata game da na sitidiyo.

Injiniya Zoo Road:
A kan wannan ni da kai ba mu da faɗa.

Baban Walid:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Bayan isha'i na kira shi zaure na miƙa masa wayar ya karanta da kansa. Ya daɗe a kan maganar Abban Nana, sannan ta Hajiya, wadda ta sa shi murmushi karon farko tun Asabar. Na sa masa karatun Shehu Abdulbasiɗ, muka saurara mu biyu ba mai magana. Da aka zo wurin hawan sai na ga leɓensa yana motsi. Bai ce zai koma ƙasida ba, ni ma ban matsa ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne, wai shi ƙarar ɗin nan yaya ake zama a kansa ba tare da murya ta gudu sama ba.

Allah ya gafarta Alaramma, wace rana kake zama da ɗalibai? In babu takura zan kawo shi da kaina.

Alaramma Gwani:
Alhamis da Juma'a bayan la'asar. Zan turo maka kwatance ta akwatin saƙo. Ya zo da Alƙur'aninsa, da baitocin da bai ƙarasa ba ranar walimar.